Tikitin kasuwa da kujerar kansila: ina kuɗin matan karkara yake shiga?

Tsohuwar Kansila:
Assalamu alaikum, ƴan uwa. Na daɗe ina karanta abin da ake rubutawa a wannan zaure ban sa baki ba, amma maganar da aka yi jiya, wai dokar kason mata, wadda ke ware musu wani kaso na kujerun zaɓe, ta gama aikinta tunda an kai kason kashi 25 cikin 100, ita ce ta hana ni yin shiru. Na zauna a majalisar wata ƙaramar hukumar karkara ta jihar Tawa a Nijar tun daga zaɓen Janairun 2011, kuma ko da yake wa'adin shekara biyar ne, an yi ta ƙara mana har zaɓen 13 ga Disamban 2020, don haka na ga zaman kasafin kuɗi da yawa.

Ga yadda ake yinsa a wajenmu a lokacin. Da safen ranar ake raba mana takardun, da Faransanci, tebur bayan tebur na lambobi. Sakatare ya miƙe ya karanta da sauri kamar mai gudun hadari, magajin gari ya fassara kanun maganar da Hausa, sannan a ce wanda ya yarda ya ɗaga hannu. Shekara biyu ina ɗaga hannu ban san abin da na yarda da shi ba, kuma ba na jin kunyar faɗa. A shekara ta uku na ɓoye takardar cikin mayafi na kai gida, ɗan ƙanwata da ke lise ya zauna da fitilar waya ya karanta mini layi layi. Da ya zo kan kuɗin da aka ce kasuwarmu ta kawo a shekara, sai na ce ya sake karantawa, don ni ƴar kasuwar nan ce tun ina tallan ƙosai, kuma na san lambar ba ta yi kama da taron da nake gani kowane mako ba.

Abin da nake so mu tattauna shi ne wannan: mace ta shiga majalisa, to, amma ta isa inda ake ƙirga kuɗin kuwa?

Tsohon Sakatare:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Aikin da kika kwatanta ni ma na yi shi, a wata gunduma dabam, kuma ba zan musa saurin karatun ba. Sai dai ina so mutane su san girman tukunyar kafin su yi zargin an kwashe naman da ke ciki.

Kasafin ƙaramar hukuma kashi biyu ne, na tafiyar da aiki da na zuba jari. Dokar ƙananan hukumomi ta watan Satumban 2010 ta ce a cire aƙalla kashi 45 cikin 100 na kuɗin shiga na yau da kullum a zuba a ayyukan raya ƙasa, wato rijiya, aji, ɗakin shan magani da makamantansu. A takarda haka muke rubutawa, domin in ba haka ba perefe, wakilin gwamnati a gunduma, ba zai bar kasafin ya wuce ba. Amma kuɗin da aka rubuta hasashe ne. Babban abin dogaron komin, wato ƙaramar hukuma, ta karkara shi ne lanho, harajin kai, wanda a zamanina dala ɗari da arba'in ne a kan kowane baligi, masu gari su tara su kawo a ba su ladansu. Shekarar da damina ta yi gardama, ko shekarar zaɓe da babu ɗan siyasar da yake son a ce shi ya matsa wa talaka, abin da ke shigowa ba ya ko kusa da abin da aka rubuta. Shi kuwa albashin ma'aikata da man mota da kuɗin zaman kansiloli ba su san an yi fari ba. Saboda haka kason zuba jarin shi ake fara yankewa, a zauna jiran abin da hukumar ANFICT, mai tallafa wa ƙananan hukumomi da kuɗi, za ta aiko daga Yamai, ko wani furoje ya zo da nasa kuɗin da nasa sharaɗin. A 2016 an miƙa wa ƙananan hukumomi nauyin ilimi da lafiya da ruwa da muhalli, amma duk wanda ya yi aiki a lameri, wato ofishin ƙaramar hukuma, ya san kayan sun riga jakin isowa.

Ɗan Adar a Abijan:
Baba Sakatare, akwai abin da ka tsallake. Lanhon nan da ake cewa maigida ne ke biya wa mutanen da ke kan katin iyalinsa, a ƙauyukan Adar wa yake gida lokacin da maigari ke yawon karɓa? Mu muna nan bakin teku, wasu suna Libiya, wasu Kamaru. In aike ya makara, matar ce take sayar da akuyarta ko ta ci bashin asusu ta biya, amma sunan da ke kan rasit nawa ne.

Duk da haka, Inna Kansila, ki gafarce ni, ni ban ga amfanin kason nan ba. Matan da na ga an sa a jerin jam'iyyu a garinmu, ɗaya matar shugaban jam'iyya ce, ɗaya ƙanwar wani ɗan kasuwa da ya sayi babura lokacin kamfe. An cika lissafi ne kawai don kada a soke jerin.

Malama daga Yamai:
Ɗan'uwa, abin da ka gani ya faru a wurare da dama, amma kada mu manta da inda aka fito. Ranar 13 ga Mayun 1991 mata suka cika titunan Yamai suna zanga-zanga, saboda kwamitin da aka kafa don shirya Taron Ƙasa mace ɗaya tak aka sa a cikinsa, kuma wannan ce ranar da ta zama ranar matan Nijar. Sai a watan Yunin 2000 aka samu dokar kaso, kashi 10 a muƙaman zaɓe, kashi 25 a na naɗi. Da ita aka shiga zaɓen ƙananan hukumomi na Yulin 2004. A 2014 aka ɗaga kason zaɓe zuwa 15, a ƙarshen 2019 kuma zuwa 25, na naɗi ya koma 30. Ba don wannan doka ba, Hajiyar da ta buɗe mana wannan zance da a bakin taga za ta tsaya, in ma an bar ta ta tsaya.

Inda dokar ta gaza lokacin da majalisun ke aiki, a ganina, wuri biyu ne. Na farko, majalisun karkara ƙanana ne, mafi ƙanƙanta kujera 11 gare ta, kuma in jam'iyyu da yawa suka raba kujerun, wadda ta samu ɗaya ko biyu namijin da ke saman jeri take turawa. Na biyu, wanda ya fi muhimmanci ga zancenmu, dokar ta tsaya ne a ƙofar majalisa. Ba ta kai ga kujerar magajin gari ba, wanda kansiloli ke zaɓa a tsakaninsu, kuma shi ne mai ba da umarnin fitar da kuɗi. Ba ta kai ga shugabancin kwamitoci ba. Ga sarakuna ma suna zama a majalisar da ikon ba da shawara ba tare da ƙuri'a ba, kuma kowa ya san nauyin shawarar sarki a ɗakin da talakawansa ke zaune.

Dattijon Unguwa:
Ƴaƴana, ni ina ganin kuna ɗora wa jinsi laifin da na jahilci ne da rashin amana. Kansiloli maza nawa ne a karkara suke iya karanta takardar kasafi da Faransanci? Na san manoma da mahauta da dillalan shanu da suka yi kansila, su ma hannun suke ɗagawa kamar yadda Hajiya ta ɗaga. Wanda zai ci kuɗin kasuwa ba ya tambayar ko mace ce ta biya ko namiji. Sannan kuma wace majalisa muke magana a kai? Tun 4 ga Afrilun 2024 aka rusa majalisun, aka naɗa kantomomi. Muna jayayya a kan rabon kujerun ɗakin da aka rufe.

Tsohuwar Kansila:
Baba, Allah ya ƙara girma, rabin maganarka na karɓa. Gaskiya ne yawancin mazan da na zauna da su ba su fi ni karatu ba. Bambancin shi ne su ba a ɗakin taro suke jin labari ba. Kafin ranar zaman, an riga an gama magana a ƙofar gidan magajin gari bayan sallar isha'i, ana shan shayi, an san wane gari za a yi wa rijiya, wane ɗan kwangila za a ba aji, wa za a ba karɓar tikitin kasuwar dabbobi. Namijin da bai iya karatu ba yana wurin, ya ji da kunnensa, ya sa bakinsa. Ni matar aure ce, garina kuma tafiya ce mai nisa a kan babur daga hedkwatar komin. Da na je wannan fada da dare, da washegari ba maganar rijiya za a yi a garin ba, maganata za a yi. Saboda haka ni takarda ce kaɗai ƙofata, kuma ita ce aka rufe da harshen da ban iya ba.

Da aka zo raba kwamitoci na ce a sa ni a na kuɗi. Aka yi dariya, ba ta mugunta ba, irin wadda ake yi wa yaro in ya ce zai ɗauki buhun gero. Aka sa mu, ni da ƴar'uwata kansila, a kwamitin jin daɗin jama'a, inda aikinmu shi ne shirya bikin 13 ga Mayu, raba atamfa, da tara mata in baƙi sun zo da farar mota.

To, da na ga lambar kasuwar nan, sai na koma wa matan asusunmu. Muka yi shawara, ranar kasuwa mata huɗu suka zauna a mashigai huɗu, kowace da ƙwarya a gabanta kamar mai sayar da gyaɗa, duk macen da ta shigo da kayan sayarwa a jefa tsakuwa ɗaya. Masu fura, masu ƙosai, masu tafasa da zogale, masu kuka da kuɓewa busasshiya, masu tabarmi, masu itace. Da la'asar muka zube tsakuwa a tsakar gidana muka ƙirga, sun haura ɗari uku. Muka maimaita mako huɗu don kada a ce ranar ce ta yi albarka. Sannan muka bi matan muna roƙon su ajiye mana tikitinsu. A nan ne ido ya buɗe. Wata ta biya dala goma ba a ba ta komai ba. Wasu biyu tikiti ɗaya aka yaga musu, kowace ta riƙe rabi. Wata tsohuwa ta kwance bakin zanenta ta fito da nata, sai ga shi na bara ne, launinsa ma dabam. Da yaron nan ya yi mana lissafi, abin da mata kaɗai suke biya a shekara ya fi abin da aka rubuta kasuwar gaba ɗaya ta kawo, har da rumfunan maza. Kuma a kasuwar nan babu makewayi ko ɗaya. Mace ta wuni tun hantsi har magariba, in ta matsu sai ta roƙi gidan mutane ko ta nufi bayan gari.

Game da rufe ɗakin kuwa, Baba, majalisa aka rusa, ba a rusa tikiti ba. Makon jiya ma an karɓa.

Jagorar Asusu:
Yaya Kansila, tsakuwar nan taku ta sa ni murmushi, don aikinmu ke nan. Tun da aka fara asusun Mata Masu Dubara a jihar Maradi a 1991, da tallafin ƙungiyar CARE, ƙa'idar ba ta sauya ba: akwati da kwaɗo uku, mabuɗan a hannun mata uku dabam dabam, ba a buɗe shi sai a gaban kowa, kuma a ƙirga kuɗin da babbar murya, a faɗi abin da ya shiga da abin da ya fita, mako mai zuwa a tambayi taro nawa aka bari. Matan da ba su taɓa riƙe alli ba suna riƙe lissafin shekara a ka, kuma in dala ɗaya ta ɓace sai an gano inda ta shiga. Da yawa daga cikin matan da suka zama kansiloli a karkara daga wannan tabarmar suka taso. Shi ya sa in aka ce matan ƙauye ba su san kuɗi ba nake mamaki. A nan Keita, lokacin babban furojen da aka fara a 1984, wa ya ɗauki duwatsun da aka tare zaizayar ƙasa da su a kan tuddai? Akasari mata ne, maza sun tafi biɗa, wato ci-rani. Sun iya ɗaukar dutse don gyara ƙasar komin, sun iya riƙon akwati, sai lissafin lameri ne ya fi ƙarfinsu?

Tsohon Sakatare:
Hajiya, labarin tikitin da aka yaga biyu ban yi mamakinsa ba. Masu karɓar kuɗin kasuwa galibi ba ma'aikata ba ne, ladansu wani kaso ne na abin da suka kawo, kuma sau da yawa siyasa ce take ba su aikin, don haka wanda ya kamata ya bincike su shi ne wanda suka yi wa kamfe. Na yarda kuma cewa kuɗin kasuwa ya fi lanho tabbas, domin shi kowane mako yake shigowa, tsaba, ko an yi ruwa ko ba a yi ba. A zamanina, sau da yawa da shi ake sayen man da motar magajin gari take tafiya taro Tawa.

Amma ina jan hankalin ƙanwata Jagora, akwatin asusu da baitulmalin komin ba ɗaya ba ne. A asusu, wadda ta zuba ita ke da kuɗinta. A komin, ƙa'ida ita ce duk abin da ya shigo tukunya ɗaya yake faɗawa a hannun ma'aji, ba a cewa wannan na mata ne a yi musu makewayi da shi, wancan na mahauta ne a gyara musu mayanka. In aka buɗe wannan ƙofa, garin da ba shi da kasuwa ba zai taɓa ganin aji ba. Hanyar da doka ta tanada ita ce a sa aikin a cikin tsarin raya komin na shekaru, wanda muke kira PDC, daga nan ya shiga shirin zuba jari na shekara, sannan ya samu layi a kasafi. Matsalar ita ce lokacin da ake zagayen ƙauyuka don rubuta PDC, ana tara mata a gefe guda a tambaye su bukatunsu, su ce ruwa, injin niƙa, ɗakin haihuwa, a rubuta da kyau, amma ranar da za a jera wanne ne farko wanne ne na goma, ba su cikin ɗakin.

Abin da za a iya ɗauka daga asusu shi ne ƙirga da babbar murya. Babu dokar da ta hana a rubuta a allo a ƙofar kasuwa cewa makon jiya tikiti kaza aka sayar, kuɗi kaza aka kai wa ma'aji. Babu wadda ta hana a karanta kasafin a rediyon gari da Hausa da Tamajak da Fulatanci. Zaman majalisa ma a doka a buɗe yake ga jama'a, mutane ne ba a gaya musu ba, mu kuma, in faɗi gaskiya, ba mu damu mu gaya musu ba.

Malama daga Yamai:
Baba Sakatare, tunda kundin tafiyar da mulkin ƙasa da aka ƙaddamar a watan Maris na 2025 ya ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, Faransanci ya koma harshen aiki, ina ganin hujjar raba wa mutanen karkara takardar kasafi da Faransanci kaɗai ta ƙara rauni. Sai dai maganar Dattijo tana nan ba a amsa ta duka ba. A da, ko ba komai, akwai mace ɗaya ko biyu da doka ta ba ikon ta miƙe ta yi tambaya a rubuta a takardar zama. Kantoma naɗa shi aka yi, na sama yake ba bayani. Matan kasuwa ta wace ƙofa za su shiga yanzu?

Dattijon Unguwa:
Ta ƙofar da talaka ya saba shiga tun kafin a ƙirƙiro komin, ɗiyata: su tafi da maigari ko su je gaban sarki. Na ji bayanin Hajiya game da fadar dare, kuma ban taɓa duban abin ta wannan fuska ba, don ni ina cikin masu shan shayin. Amma ina nan kan bakana cewa in aka gyara amana, aka daina yaga tikiti, rabin kukan nan zai ƙare ko da mace a majalisa ko babu.

Ɗan Adar a Abijan:
Baba, shekara nawa maza suna zaune a majalisar nan ba wanda ya lura babu makewayi a kasuwa? Inna Kansila, na janye rabin maganata ta ɗazu, rabi kawai. Ki ƙarasa mana, me ya faru da tsakuwar?

Tsohuwar Kansila:
Ɗana, na kai ta ɗakin taro a cikin ƙwaryarta, da tikitin da muka tara a ƙulle cikin leda. Da aka zo kan layin kasuwa na ɗaga hannu, ba na yarda ba, na neman magana, na zube su a kan teburin magajin gari. Wani kansila ya ce wannan ba wurin wasan dara ba ne. Amma wakilin sarki ya ce a bar ni in gama, kuma a ranar an rubuta maganata. Bayan wata biyu aka canza masu karɓa biyu, aka kawo tikiti mai lamba, aka yarda mace ɗaya daga asusunmu ta riƙa zama lokacin da ake ƙirga kuɗin da yamma. A shekarar da ta biyo, layin kasuwa ya tashi sosai, har sakatarenmu da kansa ya faɗa a zama. An gina makewayi mai ƙofa biyu da rumfa ɗaya ta kwano ga masu abinci. Rumfa ta biyu da aka yi alkawari ba ta zo ba.

A zaɓen 2020 jam'iyyata ta mayar da sunana can ƙasan jeri, ta sa wata a sama, yarinya mai hankali, ba ni da abin faɗa a kanta, sai dai ba a gaya mini dalili ba, ni ma ban tambaya ba. Matar da ke zama wajen ƙirga an daina kiranta tun kafin a rusa majalisar. Iskar farkon daminar bara ta yaye kwanon rumfar, yana nan jingine a bayan makewayin. Matan asusu sun ce in raka su wajen kantoma bayan kasuwa mai zuwa, kuma za mu bi shawarar Baba mu tafi da maigari. Malam Sakatare, wace takarda za mu ce a nuna mana? Ba na son mu je a karanta mana hasashe.

Tsohon Sakatare:
Kada ku tambayi kasafi, Hajiya, shi ne hasashen. Ku ce a nuna muku lissafin ƙarshen shekara, wanda shugaban komin yake rufe shekarar da ta wuce da shi, a Faransance sunansa kwant administiratif, kuma ma'aji yana da nasa da ya kamata su yi daidai. A ciki ku nemi layin kuɗin kasuwa, akwai gurbin abin da aka yi hasashe, akwai na abin da aka karɓa da gaske, na biyun za ku duba. Ku tambayi kuma littafin da ma'aji yake rubuta damin tikitin da ya ba kowane mai karɓa, daga lamba kaza zuwa lamba kaza. Ku tafi da wanda ya iya karatu, da tikitin mako biyu ko uku a hannunku, don a gwada lambobinsu da na littafin.